Awon hawan jini a gida: Yadda ake fahimtar hawa da saukar lambobin

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mutane kimanin biliyan 1 da miliyan 400 ne ke fama da hawan jini a shekarar 2024, kuma waɗanda suka shawo kan cutar ba su haura ɗaya cikin biyar ba sai da kaɗan.

A Najeriya, wani bincike da aka gudanar a dukkan shiyyoyi shida na ƙasar, wanda aka wallafa a shekarar 2020, ya gano cewa kimanin kashi 38 cikin 100 na manyan mutanen da aka auna suna da cutar.

Galibi hawan jini ba ya nuna wata alama. Mutum na iya shafe shekaru yana harkokinsa, sai ranar da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda ya bayyana.

Wannan ne ya sa likitoci ke ƙarfafa wa jama'a gwiwa su riƙa yin awo a gida. To sai dai wanda ya sayi na'urar kan tarar da abin da ke ɗaure masa kai: lambar safe ta bambanta da ta yamma, ta jiya ba ta yi daidai da ta yau ba, kai har awo biyu da aka yi a zama ɗaya sukan saɓa wa juna.

Lambobi biyu

Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, kuma a kowane bugu tana tura jini cikin jijiyoyi.

Lambar sama tana nuna ƙarfin matsin jini a jikin jijiyoyi lokacin da zuciya ta matse ta tura shi. Lambar ƙasa kuwa tana nuna matsin da ya rage yayin da zuciyar ta saki, tana cika da jini kafin bugu na gaba.

Don haka idan aka ce 120 bisa 80, ana nufin ta sama 120 ce, ta ƙasa kuma 80. Ana ƙidaya su da milimita na zaiba, saboda tsofaffin na'urori suna nuna awon ne da tsawon da zaiba ta hau a cikin wani siririn bututun gilashi.

A asibiti, WHO da ƙungiyoyin likitocin Turai suna ɗaukar 140 bisa 90 ko fiye a matsayin hawan jini, muddin an samu haka a ranaku daban-daban. A Amurka kuwa, tun shekarar 2017 aka sauke iyakar zuwa 130 bisa 80.

Ga awon gida, iyakar da aka fi amfani da ita a Turai da Birtaniya ita ce 135 bisa 85, domin yawancin mutane sun fi samun natsuwa a ɗakunansu.

Tarihin awon

Wani limamin coci kuma masanin kimiyya ɗan Ingila, Stephen Hales, shi ne ya fara bayyana awon matsin jini a shekarar 1733, bayan da ya sanya dogon bututun gilashi a jijiyar wata goɗiya, ya ga inda jinin ya kai.

Tun a wancan gwaji ya lura cewa jinin ba ya tsayawa wuri ɗaya a cikin bututun, yana ɗan hawa yana sauka.

A shekarar 1896, wani likita ɗan Italiya, Scipione Riva-Rocci, ya fito da maɗaurin damtse da ake hura wa iska. Shekaru tara bayan haka, a 1905, likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano sautukan da ake ji a jijiyar hannu yayin da ake sassauta iskar, waɗanda da su ne ake tantance lambobin biyu.

A shekarar 1940, wasu likitoci biyu a Amurka, David Ayman da Archie Goldshine, suka koya wa majinyata da iyalansu yin awo a gida. Sun tarar cewa sakamakon gida kan yi ƙasa da na asibiti, a wasu mutanen ma da tazara mai yawa.

Na'urorin zamani masu aiki da batir ba sa sauraren sauti. Suna jin girgizar da bugun jijiya ke haifarwa a cikin maɗaurin, sannan su yi lissafi su fitar da lambobin.

Hanyoyi uku na awo

Hanya ta farko ita ce awon asibiti, wanda ke nuna halin da jini ke ciki na 'yan mintoci kawai.

Ta biyu ita ce awon gida, inda mutum zai riƙa auna kansa safe da yamma na wasu kwanaki, yana rubutawa.

Ta uku ita ce awon sa'o'i 24. A nan asibiti ne ke ɗaura wa mutum wata ƙaramar na'ura a ƙugu, haɗe da maɗaurin damtse. Na'urar kan yi awo da kanta kowane minti 15 zuwa 30 da rana, da dare kuma takan ɗan ƙara tazara, yayin da mutumin ke ci gaba da harkokinsa da barcinsa.

A wannan hanya, ana ɗaukar mutum yana da hawan jini idan matsakaicin awon sa'o'i 24 ya kai 130 bisa 80, ko na rana ya kai 135 bisa 85, ko na dare ya kai 120 bisa 70.

A shekarar 2011, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, NICE, ta ba da shawarar a riƙa tabbatar da cutar ta wannan hanya, ko ta awon gida, kafin a ɗora mutum a kan magani, in dai jinin bai yi hawan da ke buƙatar gaggawa ba.

Da irin wannan na'ura ce aka yi wani babban gwaji a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Najeriya da Kamaru, ƙarƙashin jagorancin Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa haɗin magunguna mai ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fatar Afirka a kan haɗin da babu shi.

Me ke sa lambobin canzawa?

Canjin matsin jini ba alamar lalacewar na'ura ba ce a mafi yawan lokuta. Jiki ne ke daidaita shi gwargwadon buƙata.

Daga minti zuwa minti: magana, da fushi, da fargaba, da jin zafin ciwo, da matsuwar fitsari duk suna ɗaga shi. Haka ma taba sigari, da gahawa, da shayi mai kauri, da goro, wanda shi ma yana ɗauke da sinadarin da ke cikin gahawa.

Daga dare zuwa rana: a jikin mai lafiya, jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 lokacin barci, sannan ya yunƙuro gab da farkawa. Bincike ya nuna cewa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi afkuwa a sa'o'in safiya.

Daga rana zuwa rana: rashin barci, da yawan gishiri a abinci, da mantuwar shan magani suna bayyana a awon washegari. Gishirin nan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi, kazalika kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri. WHO ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Daga yanayi zuwa yanayi: sanyi na tsuke jijiyoyi, don haka jini kan ɗan hau a lokacin hunturu. Da bazara kuma yakan sauka, saboda jijiyoyin fata suna buɗewa, jiki kuma yana zubar da ruwa da gishiri ta gumi.

Akwai kuma magungunan da ke ɗaga jini ba tare da mai shan su ya sani ba. Daga ciki akwai na ciwon jiki da gaɓoɓi irin su ibuprofen da diclofenac, da wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Ƙa'idojin awo a gida

Kuskuren zama ko na ɗaura maɗauri na iya haifar da bambancin da ya fi wanda magani ke kawowa, don haka ƙungiyoyin likitoci suka yi ittifaƙi a kan wasu ƙa'idoji.

A guji taba, da gahawa, da goro, da motsa jiki na minti 30 kafin awo, kuma a fara yin fitsari.

A zauna a kujera a huta na minti biyar, baya a jingine, tafin ƙafafu a ƙasa, ba tare da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ba.

A ɗaura maɗaurin a kan fata, ɗan sama da gwiwar hannu, a ɗora hannun a kan tebur yadda tsakiyar damtse zai yi daidai da zuciya. Kada a yi magana ko a riƙa latsa waya har a gama.

Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ya nuna a 2024 cewa ɗora hannu a cinya na ƙara kusan maki 4 a lambar sama, sakin hannun a gefe kuwa na ƙara kimanin maki 6 da rabi.

Girman maɗauri ma na da tasiri. Masu bincike a wannan jami'a sun gano a 2023 cewa idan aka auna mai ƙaton damtse da maɗauri na gama-gari, lambar sama na iya ƙaruwa da kusan maki 20.

A karon farko a auna hannaye biyu. Idan ɗaya ya fi ɗaya hawa, shi za a riƙa amfani da shi daga nan gaba. In tazarar ta ci gaba da haura maki 15, ya kamata likita ya sani.

Awon mako guda

Tsarin da aka fi amincewa da shi shi ne na kwana bakwai a jere, ko aƙalla kwana uku zuwa huɗu.

Da safe a yi awo sau biyu, da tazarar minti ɗaya tsakani, kafin karin kumallo da shan magani. Wanda ya taka zuwa masallaci sallar asuba sai ya zauna ya huta tukuna. Da dare ma a yi sau biyu, a lokaci iri ɗaya kullum.

A rubuta kowane sakamako da kwanan wata da lokaci, har da wanda bai yi wa mutum daɗi ba. Zaɓen lambobi masu kyau kaɗai na ɓatar da likita.

A ƙarshen mako za a samu awo 28. Sai a ajiye na ranar farko gefe, domin rashin sabo kan ɗaga shi, a haɗa jimillar sauran 24 a raba da 24. Haka za a yi wa lambar sama, haka za a yi wa ta ƙasa. Abin da ya fita shi ne matsakaici, kuma a kansa likita ke yanke hukunci.

Alal misali, a ce lambobin sama na wani mutum su ne 128, 142, 135, 150, 131 da 138. Jimillarsu 824, idan aka raba da shida za a samu kimanin 137.

Wanda ya dubi 150 kaɗai zai firgita, wanda ya dubi 128 kaɗai zai saki jiki. Matsakaicin kuwa ya nuna cewa jinin ya ɗan haura iyakar 135, abin da ke buƙatar ganin likita ba tare da tashin hankali ba.

Ana yin wannan awo na mako guda kafin zuwa asibiti, ko bayan an canza magani. Idan jini ya daidaita, awo sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Yawan maimaita awo a kowace sa'a kan jawo damuwa, damuwar ta ɗaga jini, hawan jinin kuma ya ƙara damuwar.

Abin da awon gida ke tonawa

Na farko shi ne hawan jinin ganin likita, wanda Turawa ke dangantawa da farar rigar likitoci. Jinin mutum kan hau a asibiti, amma a gida yana daidai.

A shekarar 1983, Farfesa Giuseppe Mancia da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka nuna cewa shigowar likita ɗakin majinyaci kaɗai na ɗaga lambar sama da fiye da maki 20 a matsakaici. Wani bincike da Thomas Pickering ya jagoranta a New York a 1988 ya gano cewa kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda aka ce suna da ɗan hawan jini a asibiti, jininsu lafiya lau yake a waje.

Irin waɗannan mutane za a iya ɗora su a kan maganin da ba sa buƙata. Duk da haka ana ci gaba da sa musu ido, domin wasunsu kan kamu da cutar ta sosai daga baya.

Na biyu shi ne ɓoyayyen hawan jini, wanda ya fi haɗari: a asibiti lambobin suna da kyau, a gida ko wurin aiki kuma suna sama. An fi samunsa ga masu shan taba, da masu ciwon suga ko na ƙoda, da masu aikin da ke cike da matsin lamba. Haɗarinsa ga zuciya da ƙwaƙwalwa ya yi kusa da na hawan jinin da kowa ya gani.

Na uku shi ne rashin saukar jini da dare, wanda Farfesa Eoin O'Brien na Dublin ya ja hankali a kansa a 1988. Yana da alaƙa da ciwon ƙoda, da yawan cin gishiri, da ɗaukewar numfashi cikin barci da ake samu ga masu tsananin minshari. Awon sa'o'i 24 ne ya fi gano shi, tun da mai barci ba zai auna kansa ba.

Wani dogon bincike da aka fara a garin Ohasama na ƙasar Japan a shekarun 1980 ya nuna cewa awon gida ya fi na asibiti nuna wanda ke fuskantar haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Shin yawan canjin kansa illa ne?

Shekaru da dama likitoci na kallon hawa da saukar lambobi a matsayin abin da ke hana su ganin ainihin awon mutum.

A shekarar 2010, Farfesa Peter Rothwell na Jami'ar Oxford ya wallafa wani nazari a mujallar Lancet, inda ya nuna cewa mutanen da lambarsu ta sama ta fi yin tsalle daga ziyarar asibiti zuwa wata sun fi fuskantar shanyewar ɓarin jiki, ko da matsakaicin jininsu bai fi na saura ba.

Nazarin ya kuma nuna cewa magunguna irin su amlodipine sun fi rage wannan tsalle a kan irin su atenolol.

Ana danganta yawan canjin da taurin jijiyoyi da ke zuwa da shekaru, da raunin na'urorin jiki da ke daidaita matsin jini, da kuma shan magani yau a bari gobe.

Har yanzu dai ƙa'idojin magani sun dogara ne a kan matsakaici. Amma idan lambobi suna yawan tsalle duk da an kiyaye ƙa'idojin awo, likita kan bincika yadda ake shan magani, da tsawon lokacin da maganin ke aiki a jiki, da kuma lafiyar ƙoda.

Game da lokacin shan magani, wani gwaji da aka yi wa mutane fiye da 21,000 a Birtaniya ya nuna a 2022 cewa babu bambanci tsakanin shan safe da shan dare ta fuskar kariya daga ciwon zuciya da shanyewar jiki. Muhimmin abu shi ne a sha kullum.

Azumi da juna biyu

Wani bincike da aka yi a masallatai biyar na birnin Landan, wanda aka wallafa a 2021, ya gano cewa lambar sama ta masu azumi ta sauka da kimanin maki 7 bayan Ramadan.

Sai dai masu shan maganin da ke sa fitsari na iya fuskantar ƙarancin ruwa da jiri idan azumi ya faɗo a lokacin zafi. Awon mako guda kafin watan ya kama, da wani a farkonsa, na taimaka wa likita ya daidaita lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki.

Ga mai juna biyu, awon da ya kai 140 bisa 90, musamman bayan mako na 20, na buƙatar zuwa asibiti a ranar, domin yana iya zama mafarin jijjiga ko taune-taune. Idan ya kai 160 bisa 110, ko aka samu tsananin ciwon kai da dishi-dishin gani, lamarin na gaggawa ne.

Zaɓen na'ura

Masana sun fi amincewa da na'urar damtse a kan ta wuyan hannu ko ta ɗan yatsa.

Ba kowace na'ura da ke kasuwa aka tantance ingancinta ba. Wani nazari da aka yi a Ostireliya a 2020 ya gano cewa cikin nau'o'in na'urori 972 da ake sayarwa ta intanet, waɗanda aka tantance ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Shafin STRIDE BP na ɗauke da jerin waɗanda suka ci jarrabawar inganci.

Yana da kyau a riƙa kai na'urar asibiti sau ɗaya a shekara a gwada ta da ta likita. Raunin batir da tsagewar bututun iska na ɓata sakamako. Haka kuma masu bugun zuciya marar tsari ba sa samun sahihin awo daga yawancin na'urorin.

Akwai agoguna da zobba na zamani da ke ƙiyasta matsin jini dare da rana ba tare da maɗauri ba, ta hanyar haska fata. Ƙungiyar likitocin hawan jini ta Turai ta ce a 2022 ba ta goyon bayan amfani da su wajen gano cutar ko daidaita magani, sai an tabbatar da sahihancinsu.

A 2025 kamfanin Apple ya sanya wa agogonsa wata manhaja da ke faɗakar da mai shi idan ta ga alamun hawan jini cikin kwanaki 30. Ba ta ba da lambobi, tana umartar mutum ne ya koma ga na'urar damtse.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan awo ya kai 180 bisa 120, a huta na minti biyar a sake. In bai sauka ba, a ga likita a ranar.

Idan kuma akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, ko gushewar gani, ba a jiran sake awo, sai a nufi asibiti nan take.

Sauka fiye da kima ma abin lura ne, musamman ga tsofaffi. Idan lambar sama ta faɗi da maki 20 cikin minti uku da miƙewa tsaye, tare da jiri, mai yiwuwa maganin ya yi yawa.

Wani gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna a 2018 cewa majinyatan da likitocinsu suka daidaita musu magani bisa awon gida, lambarsu ta sama ta yi ƙasa da ta sauran da maki 3 zuwa 5 bayan shekara guda.

Amfanin ya samu ne saboda sakamakon ya riƙa isa hannun likita. Don haka likitoci ke gargaɗin kada majinyaci ya ƙara magani, ko ya rage, ko ya daina sha saboda lambar da ya gani a rana ɗaya, sai dai ya tafi da littafin awonsa duk ranar da zai je asibiti.